Yadda mai cikin fari za ta shirya hutun haihuwa tun kafin ta sauka

Yarinyar da ta ɗauki cikin fari tana tsakanin shekara 15 da 19, jikinta aiki biyu yake yi lokaci guda. Yana gina ɗan da ke ciki, alhali shi kansa bai gama ginuwa ba. Shi ya sa ƙarancin jini, hawan jini mai kai wa ga jijjiga, doguwar naƙuda da haihuwar bakwaini suka fi yawa a wannan shekaru. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 19 cikin 100 na 'yan matan Najeriya masu waɗannan shekaru sun riga sun haihu ko suna da ciki, a Arewa maso Yamma kuwa adadin ya kusa kashi 29. Ke nan ba baƙon abu ba ne a Zariya, daga cikin birni har Tudun Wada, Sabon Gari da Samaru.

Mu da muke aikin awo da karɓar haihuwa, abin da ya fi tayar mana da hankali shi ne ciki na biyu da ke biyo na fari da gaggawa, wanda ake kira kwanika ko rurrutsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a jira aƙalla wata 24 bayan haihuwa kafin a nemi wani ciki. In aka haɗa da watanni 9 na goyon ciki, tazarar ta kai wata 33 tsakanin yaro da ƙaninsa. Wannan bai saɓa wa abin da muka tashi da shi ba, don aya ta 233 a Suratul Baƙara shekara biyu cikakku ta ambata na shayarwa ga wanda ke son cika ta. Ga wadda aka yi wa tiyata aka ciro ɗa, tazarar ta fi zama dole, domin ɗinkin mahaifa yana iya yagewa a naƙuda ta gaba in bai samu lokacin warkewa ba.

Wannan bayani naki ne, ke mai cikin. Amma muna so Inna da maigida su ji shi, don a gidajenmu da wuya yarinya ta yanke irin wannan shawara ita kaɗai.

Fara da lissafin kwanaki

Yawancin kwanika daga kuskure ɗaya take fitowa: "Ai ban ga al'ada ba tukuna." Ƙwan mace yana fita ne kimanin mako 2 kafin jinin al'ada ya zo. Saboda haka kina iya ɗaukar ciki ba ki ga ko ɗigo ba tun bayan jinin biƙi. Wadda ba ta shayarwa, ko take haɗa nono da madarar gwangwani, ƙwai na iya fita tun mako na 4 bayan haihuwa. Wato kafin a yi arba'in, kafin a gama wankan gida a mai da ke ɗakinki da kayan gara, jikin ya riga ya shirya.

Shayarwa tana hana ciki, gaskiya ne, har kusan kashi 98 cikin 100, amma sai sharuɗɗa uku sun cika tare. Jaririn bai kai wata 6 ba. Al'adarki ba ta dawo ba. Kuma nono zalla yake sha dare da rana, ba a barin tazarar da ta wuce awa 4 da rana ko awa 6 da dare. Sharaɗi na uku ne yake rushewa a gidajenmu. Da zafin Maris da Afrilu ya taso, kaka za ta ce yaro na jin ƙishi, a ɗura masa ruwa da cokali. Wata 3 ko 4 a fara ɗan koko. Duk abin da ya cika cikin jariri yana rage tsotso, tsotson nan kuwa shi ne yake aika wa jiki saƙon ya dakatar da ƙwai. Da zarar ɗaya cikin ukun ya faɗi, kariyar ta tafi. Nono shi kansa mafi yawansa ruwa ne, jariri ba ya buƙatar ƙari kafin wata 6, ko da zafi ya kai yaya.

Abin da za ki yi a wajen awo

Tun ran gini, ran zane. Lokacin zaɓen hanya shi ne wata na 7 ko na 8, kina da ƙarfinki da natsuwarki. Ranar naƙuda ba ranar shawara ba ce, bayan haihuwa kuma hidimar suna da wanka da baƙi za su cinye kwanakin.

A zuwanki awo na gaba, ki ce wa nas ɗin: "Anti, ina so in huta bayan na haihu, me ya dace da ni?" Wannan ya isa. Ba sai kin iya sunan komai ba, in kin ce "filanin" ma kowa ya gane. Za ta auna jininki, ta tambaye ki wasu abubuwa, kuma amsar gaskiya ita ce za ta tsare ki. Ki faɗa mata in an taɓa ce miki jininki ya hau, in kina fama da ciwon kai na ɓari ɗaya mai sa ki ga walƙiya ko duhu-duhu, in kina da sikila, ciwon hanta, ko kina shan maganin farfaɗiya, na tarin fuka ko na HIV. Wasu daga cikin waɗannan magunguna, musamman rifamfisin na tarin fuka, suna rage ƙarfin ƙwayar hana ciki da na ashanar hannu, wadda ake sawa a damtse.

Daga nan ki nemi a rubuta abin da kika zaɓa a katin awonki. Wannan ƙaramin rubutu yana da muhimmanci, domin mai cikin fari sau da yawa gidan iyayenta take komawa goyon ciki, ta haihu a asibitin da ba nan ta yi awo ba. Wadda ta yi awo a Samaru tana iya sauka a Asibitin Gambo Sawaba da ke Ƙofar Gayan, ko a tura ta Asibitin Koyarwa na Shika in abu ya yi tsanani. Katin ne zai yi magana a madadinki lokacin da ba ki da bakin yi.

Tun 2011 gwamnatin tarayya ta mai da kayan tazarar haihuwa kyauta a asibitocinta da na jihohi. Wani wuri ana iya cewa ki sayi safar hannu ko kati, ki tambaya tun da wuri don ki tanada.

Waɗanda ake iya sawa kafin ki bar asibiti

Ashanar hannu ita muka fi ba yarinya mai ƙuruciya shawara a kai, saboda ba ta buƙatar tunawa da komai. 'Yar roba ce mai laushi, tsawonta kamar tsinken ashana, ana sa ta ƙarƙashin fatar damtse ta ciki, a hannun da ba ki cika aiki da shi ba. Implanon guda ɗaya ce, tana shekara 3. Jadelle biyu ce, tana shekara 5. Cikin mata 100 da ke da ita, ko ɗaya ba ta cika ɗaukar ciki a shekara ba. Ana iya sa ta ranar da kika haihu, ba ta rage nono, ba ta taɓa jariri.

Ga yadda ake yi. Za ki kwanta ki lanƙwasa hannu kusa da kai. A goge wurin, a yi 'yar allurar kashe zafi, wadda ita ce kaɗai za ki ji kamar cizon tururuwa. Sai a zura ashanar da wani abin sawa, cikin 'yan mintoci an gama, ba ɗinki. Kafin a naɗe hannun, ki sa yatsa ki taɓa ta da kanki, ki san inda take. Bandejin sama ana cire shi bayan kwana 2, filastar ƙasa ta kai kwana 3 zuwa 5, kuma wurin ya zauna a bushe. Nan ne wankan jego ke shigowa. Ki gaya wa mai yi miki wanka ta kauce wa damtsen nan a kwanakin farko: kada a tsoma ganye a tafasasshen ruwa a fyaɗa wurin, kada a gasa shi, kada a murza. Ki ɗaure shi da leda mai tsabta ki ɗaga hannun. Ɗan kumburi da baƙi-baƙin fata na kwana kaɗan ba komai ba ne. Ja, zafi mai ƙaruwa ko ruwan mugunya kuwa, a koma asibiti.

Ashana ba ta yawo ta bi jini ta ɓace kamar yadda ake faɗa a gidan biki. In ma'aikaciyar da ta koyi aikin ce ta sa ta daidai ƙarƙashin fata, nan za ta zauna. Matsalar da ake samu ita ce a cusa ta da zurfi cikin tsoka, sai cirewa ta yi wahala. Dalilin ke nan ba a yarda a sa ta a kemis ko a gida ba.

Ta biyu ita ce robar mahaifa mai jan ƙarfe. Ba ta da sinadarin da ke shiga jini ko kaɗan, tana kuma kai shekara 10, amma ranar da kika ce a cire, ranar ake cirewa. Lokacinta yana da ƙa'ida: ko dai cikin awa 48 da haihuwa, mafi kyau ma minti 10 bayan fitar mabiyiya, ko kuma a jira sai mako 4 ya cika. Tsakanin nan mahaifa na komawa mazauninta, robar ta fi saurin faɗowa. Ba a sa ta nan take in faya ta fashe fiye da awa 18 kafin haihuwa, ko akwai zazzaɓi, ko jini ya ɓalle. Aibinta shi ne tana ƙara yawan jinin al'ada da ciwon mara, musamman a watanni 3 zuwa 6 na farko. Don haka yarinyar da ta haihu jininta ƙasa-ƙasa, sai an haɗa mata da maganin ƙarin jini, ko ta zaɓi wata hanyar. Akwai siririn zare da ke saukowa bakin mahaifa. In maigida ya ce yana jin sa, a koma a rage tsawonsa, ba sai an cire robar ba. Zazzaɓi da ciwon mara mai tsanani, ruwa mai wari, ko ki ji ƙarshen robar mai tauri a gabanki, duk na zuwa asibiti ne a ranar.

Waɗanda ke jiran mako 6

Mako 6 bayan haihuwa ya zo daidai da arba'in, ya kuma zo daidai da ranar kai jariri rigakafi. Tafiya ɗaya ta biya buƙata biyu: a yi wa yaro nasa, ki wuce ɗakin tazarar haihuwa a yi miki naki. Kada ki koma ɗakin miji kafin wannan tafiya in ba ki ɗauki komai a asibiti ba.

Allura ita mata suka fi sani. Depo-Provera duk mako 13 ake yi, Noristerat duk mako 8. Mai shayarwa tana farawa a mako na 6. In kin makara, ta wata uku tana da rangwamen mako 4, ta wata biyu mako 2 kawai. Kin wuce haka, sai an tabbatar ba ki da ciki, sannan ku yi amfani da kororon roba na kwana 7 bayan sabuwar allurar. Mantuwar rana ce ta sa kimanin mata 4 cikin 100 masu allura suke ɗaukar ciki a shekara. Ki sa a rubuta ranar a bayan katin rigakafin yaro, shi ne takardar da ba ta ɓata a ɗakin mai jego.

Akwai kuma Sayana Press, allurar wata uku ce da ake koya wa mace ta yi wa kanta a gida. 'Yar jaka ce mai magani haɗe da gajeriyar allura. A wanke hannu, a girgiza ta da ƙarfi na daƙiƙa 30 har maganin ya haɗe, a danna murfin ya manne da wuyanta, sannan a cire murfin. Ki tattaro fatar cinya ta gaba ko ta ciki nesa da cibiya, ki soka, ki matse jakar a hankali na daƙiƙa 5 zuwa 7. Kada ki murza wurin. Kuskure biyu aka fi yi: rashin girgizawa, da rashin danna murfin har ƙarshe, sai maganin ya ƙi fita. Alluran da ba a riga an yi amfani da su ba a ajiye su a inuwa can ƙasan akwati, ba kan taga ko kusa da murhu ba. Wadda aka yi amfani da ita a jefa ta cikin gora mai murfi a mai da asibiti, kada yara su tsinta.

Abu ɗaya dole ki sani game da allura kafin ki fara. Bayan an daina, ciki yana ɗan jinkiri, sau da yawa kimanin wata 10 daga allurar ƙarshe, wasu har shekara. Jinkiri ne, ba rashin haihuwa ba. Amma yarinyar da ba a gaya mata ba, in ta daina ta ga wata 6 shiru, dangin miji sun fara magana, sai ta ɗauka an kashe mata mahaifa. In kina son ciki ya biyo baya da wuri bayan hutun, ashana ko roba sun fi miki, don su da an cire haihuwa ta dawo. Allura tana kuma iya ƙara ƙiba kilo 1 zuwa 2 a shekara.

Ƙwaya iri biyu ce, kuma rikita su na da illa. Ta masu shayarwa, irin su Microlut da Exluton, ana iya fara ta tun bayan haihuwa, amma kullum a lokaci ɗaya. In aka wuce awa 3, ki sha da zarar kin tuna, ku kiyaye na kwana 2. Ki ɗaura ta da wata salla, misali kina sallame Isha'i ki haɗiya. Ɗaya irin, mai sinadari biyu, tana iya rage nono, tana kuma ƙara haɗarin daskarewar jini a makonnin farko, don haka mai shayarwa ta bar ta sai yaro ya kai wata 6. Ba ta dace da mai hawan jini ba. A Zariya wannan ba ƙaramar magana ba ce, domin tun shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na nan suka bayyana ciwon zuciyar masu jego da ke da alaƙa da yawan kunun kanwa da kwanciya kan gadon wuta. Kanwa gishiri ce, tana tara ruwa a jiki. Mai jegon da ƙafafunta suka kumbura, take haki in ta kwanta, awon jini da zuciya take buƙata, ba ƙwayar kemis ba.

Maganar jini

In kin ji mace ta ce "na cire, bai karɓe ni ba", galibi jini ne. Ashana, allura da ƙwayar masu shayarwa duk suna sauya al'ada. Wata za ta riƙa ganin ɗigo-ɗigo ba tsari, wata jinin ya daɗe, wata ya ɗauke gaba ɗaya. Dalili shi ne sinadarin yana sa shimfiɗar cikin mahaifa ta zama siririya. In ta yi siriri sosai babu abin da zai zubo, shi ne ɗaukewar. Jinin ba taruwa yake a ciki ba, ba ya dunƙulewa ya zama ƙari, ba ya hawa kai. Tun asali ba a yi shi ba.

Ɗigon ne ya fi damun mata, kuma mun san dalili: salla, azumi da shimfiɗar miji. Kada ki zauna wata guda ba salla kina zaton haila ce. Malaman fiƙihu sun bambanta jinin haila da na istihala, wanda mace ke tsarki ta yi sallarta da shi, kuma a mazhabar Malikiyya haila ba ta wuce kwana 15. Ki riƙa sa alama a kalanda duk ranar da kika ga jini, ki kai wa malamar Islamiyyarku ta warware miki hukuncin, ki kai wa nas ta duba ta fannin lafiya. Akwai magani na kwana 5 da ake bayarwa wanda yakan tsayar da shi, yawanci kuma yana lafawa da kansa bayan watannin farko. In kuwa jinin ya ninka na al'adarki a yawa ko a kwanaki, ko kina jiri, idonki ya yi fari, kada ki jira. Kina da haƙƙin a canja miki wata hanya, kina da haƙƙin a cire miki ashana ko roba duk ranar da kika nema, ba sai wa'adinta ya cika ba.

Ga maigida da iyaye

Malam, hutun da ake nema wa matarka ba ƙayyade iyali ba ne. Hadisin Jabir da ke cikin Bukhari da Muslim ya nuna sahabbai suna yin azalu, wato zubar da maniyyi a waje, alhali Alƙur'ani na sauka. Sai dai azalu a aikace yana kuskurewa sosai, kimanin mata 20 cikin 100 na ɗaukar ciki a shekara da shi, kororon roba kuma kimanin 13, galibi saboda ba a sa shi tun farko ko ba a sa shi kullum. Kororon yana da fifiko ɗaya da sauran ba su da shi, shi ne kariya daga cututtukan sanyi da HIV. Mafi alheri ka raka ta awo sau ɗaya ka ji da kunnenka, ka yi tambayoyinka.

Inna, ke kika san wahalar goyo da ciki. Kin san yadda ake yaye yaro ba shiri in ciki ya shiga, ya rame, gashinsa ya yi ja. Ba nonon mai ciki ne ya lalace ba, cire shi farat ɗaya ne ya jawo, kuma in kwanikar ta riga ta faru ana iya ci gaba da shayarwa. Guru, laya, jiƙon kanwa, tsallen bayan kwanciya ko wanke gaba da ruwan gishiri ba sa hana ciki. Na sha ɗin ma suna iya taɓa ƙoda.

In an yi kuskure, ko an yi ɓari

Ƙwayar gaggawa, irin Postinor-2, ana shan ta da wuri-wuri bayan saduwar da ba kariya, mafi kyau cikin awa 72, ƙarfinta na raguwa har zuwa kwana 5. Jinkirta fitar ƙwai take yi, ba ta zubar da cikin da ya riga ya shiga. In kika yi amai cikin awa 2 da sha, ki sake. Ba ta kare saduwar gobe, don haka ba a mai da ita hanyar kullum. Yarinyar da aka yi wa fyaɗe a kai ta asibiti cikin awa 72, domin bayan wannan ƙwaya akwai maganin kariya daga HIV da ba ya aiki in lokacin ya wuce. Wadda ta yi ciki ba aure ma tana da haƙƙin awo da tazara kamar kowa, sirrinta kuma amana ne a wuyan ma'aikaci.

Bayan ɓari kuwa, ƙwai na iya fita cikin mako 2 kacal, shawarar kuma ita ce a huta wata 6 kafin wani cikin. Ƙwaya, allura da ashana duk ana iya fara su a ranar da aka yi wankin ciki. Robar mahaifa ce kaɗai ake jinkirtawa in akwai zazzaɓi ko ruwa mai wari, sai an gama shan magani an warke.